'Yan Hayar da Ba Su Biyan Haya

A ranar da matashi zai bar gaban iyayensa ya tafi neman ilimi ko neman na kansa a wani gari, ba a barinsa ya fita sai an cika masa kunne da nasiha. Uba zai ja masa kunne a kan salla da abokan banza, uwa za ta ƙulla masa yaji da kuka da daddawa ta haɗa da addu'a, yayye kuma su gargaɗe shi game da 'yan damfarar tasha. Duk mun sha wannan, mu da muka taso daga Katsina da Bauci da Zariya da Kwantagora muka gangaro Ikko. Amma a cikinmu babu ko mutum ɗaya da aka zaunar aka ce masa, "In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na tawada a ɗinkin katifarka, ga abin da za ka yi." Ba kuwa sakacin iyaye ne ya jawo haka ba. A gidajenmu na asali yaƙi da ƙwari da ɓeraye aiki ne da ake yi ba tare da an raɗa masa suna ba, har yaro ya girma yana zaton haka nan Allah ya halicci ɗakin kwana, babu mai cizo sai sauron damina.

Sai da muka yi nisa da gida sannan ma'anar wasu abubuwa da muka riƙa gani muna yara ta fito mana. Idan bazara ta yi tsanani, wajajen watan Afrilu, iyayenmu mata kan fitar da katifu da tabarmi da matasan kai a baza su a tsakar gida ko a kan soro, rana ta gasa su tun daga hantsi har la'asar. Gadon katako a kwance shi, a bi gaɓoɓinsa da tafasasshen ruwa. Da magariba a ɗebo garwashi a kasko, a barbaɗa masa ɓawon lemo ko ganyen ɗoɗɗoya, a zagaya ɗakuna da shi kafin a ja ƙofa. Ramin ɓera in ya bayyana a gindin bango, a cusa masa fasassun kwalabe a yaɓe. Kwanon abinci ba ya kwana a buɗe, kuma da wuya a sami gidan da kyanwa ba ta leƙawa, ko da ta maƙwabta ce. Tsohuwar gida ce ke riƙe da wannan ilimi. Ita ke sanin lokaci, ita ke ba da umarni, kuma in ta ce yau a fitar da kaya, to babu ɗakin da zai ce shi sai gobe. Wannan na ƙarshe, wato kowane ɗaki ya yi nasa a rana guda, shi ne ginshiƙin al'amarin, ko da yake shi ne ba ya ɗaukar ido.

Gidan da muke haya a Bariga irin ginin nan ne da mutanen Ikko ke yi wa laƙabi da "fuskance ni in fuskance ka". Ɗakuna 14 ne, bakwai na kallon bakwai, da siririn lungu a tsakaninsu, can ƙarshensa kuma ga madafi ɗaya da makewayi biyu. Akasarinmu ba mu kai shekara talatin ba, kuma wannan ne karon farko da kowannenmu ya riƙe mabuɗin ɗakin kansa. Akwai mu ɗalibai Hausawa a ɗakuna biyar, akwai Yarbawa, akwai wani ɗan bautar ƙasa daga Edo, da wani tela mai mata da ɗa ɗaya, da mai gyaran waya da ke fita Ikeja kullum, da wata ɗalibar koyon harhaɗa magunguna. Zaman 'yan marina muke yi. Wani ya fita tun kafin asuba don gudun cunkoson motoci, wani bai dawo ba sai an yi barci. Ana iya yin wata guda ba ka haɗa ido da wanda bango ɗaya ya raba ku ba, alhali kana jin tarinsa.

A irin wannan gida dabarun da muka gani a wurin iyayenmu ba su da wurin zama. Babu tsakar gidan da za a baza katifa, ranar ma ba irin tamu ba ce. Iskar Ikko mai laima ce, kuma wanda ya fitar da katifarsa a watan Yuni zai iya mayar da ita ɗaki ta fi yadda ta fita nauyi. Tsohuwar da za ta ce "yau" kuwa mun baro ta a gida.

To, amma abin da ya fi rashin rana da rashin fili illa shi ne kunya. A tarbiyyarmu kuɗin cizo tambarin ƙazanta ne. Saurayi ya gwammace a ce ba shi da abin karin kumallo da a ce an ga kuɗin cizo na tafiya a wuyan rigarsa a cikin aji. Saboda haka duk wanda abin ya sama sai ya rufe bakinsa. Ya sayo maganin feshi a ɓoye, ya bari sai dare ya yi, ya fesa, ya kulle ƙofa, ya tafi masallaci ko ɗakin karatu ya kwana. Kwana biyu ya sami barci. A daidai waɗannan kwanaki ne na kusa da shi zai fara susa, domin bangayen gidan ba su kai ga rufi ba, silin ɗaya ne ya lulluɓe mu duka, ga ramukan wayar lantarki da suka ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Shi ma ya yi nasa feshin a ɓoye, ya kora su gaba ko ya mayar da su inda suka fito. Haka muka yi ta miƙa wa juna baƙi, kowa yana ɗauka shi kaɗai ne abin ya sama, mai shagon bakin layi kuwa yana ta ciniki.

Masana ƙwari sun daɗe da bayyana cewa kuɗin cizo ba ruwansa da tsabta ko ƙazanta. Jini yake nema, da tsagar da zai ɓuya da rana, kuma jaka ko katifa ko kujerar mota ta ishe shi abin hawa. Macensa takan saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, ta manna su a cikin ɗinki ko tsagar katako, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, kuma yawancin magungunan feshi ba sa yi wa ƙwan komai. Babba kuwa yana iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da ransa. Bugu da ƙari, tun bayan da aka yi ta yi masa ruwan DDT a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya riƙa samun jikoki masu taurin rai, har ta kai ga magunguna da yawa na kasuwa sai dai su firgita shi ya sake ɗaki. Ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta ga ɗan Adam ba, amma wanda ya yi mako bai runtsa ba ga jarrabawa a gabansa, ba ya bukatar likita ya gaya masa cewa ba shi da lafiya. Ko birnin Faris da ake yi wa kallon ƙarshen gayu, a shekarar 2023 sai da zancen kuɗin cizo ya cika jaridunsa har ya shiga majalisar dokokin Faransa. Da mun san wannan duka da wuri, da kunyar ta ragu. Amma wa zai gaya wa wanda bai tambaya ba?

Akwai wani zaure da wakilin mai gida ya buɗe mana a manhajar WhatsApp. Ba don ƙwari ya buɗe shi ba. Nufinsa shi ne ya riƙa sanar da kuɗin wuta da na kwashe shara, ya kuma riƙa tuna wa masu jinkirin haya cewa yana sane da su. Watanni da dama babu abin da ke shiga ciki sai hoton takardar biyan wuta da gaisuwar Juma'a da ta Lahadi. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata ta ɗora wani ƙwaro ja a kan farar takarda ta ɗauki hotonsa ta aika, ta rubuta a ƙasa, "Jama'a, ku yi haƙuri da tashin dare. Don Allah mene ne wannan?" Mu dai ba mu yarda ba ta san ko mene ne ba. Tambayar dabara ce ta mai hankali, wadda ta bar wa kowa ƙofar shiga ba tare da ya zubar da girmansa ba. Abin da ya fara tona asirin gidan ma shi ne yawan waɗanda suka karanta saƙon nan take, domin mai barci ba ya karanta saƙo da ƙarfe biyun dare. Kafin kiran sallar farko ɗakuna tara sun amsa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya tambaya, me ya sa abin da ya gagara faɗa a lungu mai faɗin taku biyu ya faɗu a cikin waya? Muna ganin amsar ba ta wuce kunyar ido ba. A waya ba ka ganin fuskar wanda kake gaya wa, kuma kana gaya wa kowa ne a lokaci guda, don haka babu wanda zai ɗauki maganarka ya kai wa wani a matsayin gulma. Ban da haka, waya ba ta bukatar a haɗu. Mai gyaran waya yana amsawa daga cikin mota a hanyar Ikeja, ɗalibi daga bakin aji. Wanda rubutun Turanci ke yi wa nauyi sai ya danna ya yi magana da buroka, kowa ya ji. Hoto kuma ya raba gardama: an daina musu kan ko ƙuma ce ko kaska, tunda ga abu a kan takarda.

Wannan duka sabon abu ne in aka duba shekarunsa. Sai a 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, aka ƙara masa zauren taro a 2011, saƙon murya kuma a 2013. A Amurka har akwai manhajar da aka gina musamman don maƙwabta, mai suna Nextdoor, wadda ta fito a 2011, inda sai an tabbatar da unguwar mutum kafin a shigar da shi. Mu ba mu bukaci wannan ba, tunda wakilin mai gida ya san ɗakin kowa da bashin kowa. Bahaushe kuwa da ya tashi raɗa wa abin suna bai je nesa ba, ya kira shi zaure, wurin da baƙo da ɗan gida ke haɗuwa a yi shawara ba tare da an shiga turakar kowa ba.

Sai dai zaure in ya cika, ba masu hankali kaɗai ke magana ba. Kashegarin wannan dare shawarwari suka yi ta zubowa kamar ruwan Agusta. Wani ya ce a haɗa kananzir da gishiri. Wani ya turo wani dogon saƙo da ya riga ya zaga duniya, wanda ke rantsuwa cewa toka da barkono sun isa. Waɗannan ba su da wata illa sai ɓata lokaci, in ban da kananzir da ke neman ashana. Wanda ya tsorata mu shi ne saƙon da ya fi kowanne samun karɓuwa, domin mai shi ya yi magana da yaƙini, ya ce shi da kansa ya gwada a wani gida: a sayo fiya-fiya mai ƙarfi, irin ta gona, a yayyafa ta tsagwaronta a katifa da gindin bango, sannan a sami ƙwayar nan da 'yan kasuwar hatsi ke jefawa a rumbun wake da masara, a ajiye biyu a ƙarƙashin gado, a kulle ɗaki. Ya ce ko ƙadangare ba zai kwana da rai ba. A nan gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa lissafin masu rai da ke gidan ba.

Ɗalibar harhaɗa magunguna ce ta tare shi, kuma ba ta yi da faɗa ba. Ta yi saƙon murya mai tsawo, ta bayyana cewa wannan ƙwaya in ta sha laimar iska takan fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin, wadda ba ta san iyakar ɗaki ba; ta inda kuɗin cizo ke bi ya shiga maƙwabta, ta nan ita ma za ta bi, kuma har yau ba ta da makari a asibiti. An yi ta ne don rumbun da aka toshe, wanda babu mai kwana kusa da shi. Ta tuna mana cewa bango ɗaya ne tsakanin mai shawarar da ɗakin tela, inda yaro ɗan wata goma ke barci a ƙasa. Game da fiya-fiya kuwa, ta ce sinadarin da aka fi samu a cikinta, wato dikulobos, yana kama jijiyoyin mutum kamar yadda yake kama na ƙwaro, ta fata ko ta numfashi, kuma katifar da aka jiƙa da shi ita ce mutum zai kifa fuskarsa a kai har asuba. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa na aikin gona a kantuna da kasuwannin gari. Ta rufe da cewa, "Yayana, ka yi haƙuri, ba ƙaryata ka nake yi ba. Yana kashe su. Amma kada mu guje wa gara mu faɗa gidan zago."

Mai shawarar ya ji haushi, ya yi kwana uku bai ce uffan ba. Abin da ke ba mu tsoro har yanzu in mun tuna shi ne, da babu wannan baiwar Allah a gidan, babu abin da zai hana a bi shawararsa, domin waya ba ta tace magana. Saƙon mai ilimi da na mai ƙarfin hali girmansu ɗaya a fuskar waya, kuma sau da yawa na biyun ya fi daɗin ji, tunda shi yana alkawarin gamawa a dare ɗaya. Gidaje nawa ne a wannan birni da suke da zaure amma ba su da ɗalibar magunguna?

Bayan ƙura ta lafa ne ɗan bautar ƙasa ya kawo maganar da ta zama mafita. Ya ce tunda an gane cewa baƙin nan yawo suke yi tsakanin ɗakuna, to ba magani ne ya gaza ba, rarrabuwa ce. A tsayar da rana. Aka jefa ƙuri'a a cikin zauren, Asabar ta biyu ga wata ta yi rinjaye. Aka yi karo-karo aka ɗauko mai feshi, bisa sharaɗin ya nuna kwalbar maganinsa da lambar rajistarta a ɗauki hoto a sa a zaure kafin ya buɗe ta, ya kuma faɗi awa nawa za a yi a waje. Mai ciwon asma da matar tela da ɗanta aka ce su wuni wurin 'yan'uwa. Amma feshin shi ne ƙaramin aikin. Tun daga daren Juma'a tukwane ke kan wuta, domin zafin da ya kai digiri 60 yana kashe kuɗin cizo har da ƙwansa, abin da maganin kwalba ba ya yi. Aka jiƙa zannuwan gado da labule a ruwan zafi, aka bi ɗinkin katifu da dutsen guga, aka kwance gadaje, aka janye su daga jikin bango, aka toshe tsagogi da siminti. Mu da muka ga iyayenmu na yin haka a Katsina da Zariya sai ga shi mu ne malamai, muna nuna wa 'yan birni yadda ake kwarara ruwa a gaɓar katako. Bayan mako biyu aka maimaita komai, saboda ƙwan da ya tsira a karon farko ya riga ya ƙyanƙyashe. Wannan maimaici shi ne da wuya mutum ɗaya ya tuna da shi bayan ya sami barci, amma zaure ya tuna, domin an manna ranar a samansa.

Ba mu ne muka fara gane cewa ƙwari da ɓeraye sha'anin jama'a ba ne a wannan birni. A 1924 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin Ikko, ba ta lafa ba sai 1931, kuma a dalilinta aka kafa hukumar raya birnin a 1928 aka shiga rushe unguwanni masu cunkoso. Tsofaffi a nan suna tuna ma'aikatan da Yarbawa ke kira wole-wole, mu kuma muke kira duba-gari, masu shiga gida su leƙa randa da salga su ci tara. Daga baya, a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja da aka fara a 1984, aka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata don share gari, aka hana fita da safe, har zuwa 2016 da gwamnatin jihar ta soke wannan hani. Duk waɗannan sun san muhimmancin rana guda, amma da bulala da tara suka tsayar da ita, kuma iyakarsu ƙofar ɗaki. Babu jami'in da zai ɗaga maka katifa. Tamu ranar babu mai tilasta ta sai sanin cewa in ka noƙe, sunan ɗakinka ne kaɗai ba zai fito a jerin waɗanda suka gama ba.

Kyankyasai ba su ba mu wahalar shawara ba. Da aka bayyana cewa ƙaramin nan na madafi macensa na yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40, kuma wanda ka gani da rana ɗan aike ne kawai, sai aka yarda a bar bin su da silifa, a koma hana su ci da sha: ba a kwana da kwanuka a madafi, shara ta fita kafin a rufe gida. Bokitan ruwa kuma aka ce kowa ya rufe nasa saboda sauro, wanda ba ya bukatar fiye da mako ɗaya ko biyu ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Ɓera ne ya kusa raba zauren. Ɗan bautar ƙasa ya fito ne daga yankin da zazzaɓin Lassa ke kashe mutane kusan kowane rani, kuma asibitin Irrua da ya shahara wajen jinyar cutar yana jiharsu. Shi ya gaya mana cewa tun 1969 aka gano cutar a garin Lassa na ƙasar Barno, cewa ta hanyar fitsari da kashin wani irin ɓera a kan abinci take kama mutum, kuma cikin waɗanda suka warke akwai masu rasa jinsu. Don haka ba ya wasa da buɗaɗɗen buhun gari, kuma ya roƙi kowa kada ya ɗauki mushen ɓera da hannu. Aka ƙi shinkafar ɓera saboda yaron tela mai rarrafe, da kuma sanin cewa ɓeran da ya ci guba cikin silin yake zuwa ya mutu ya bar wa gida wari. Aka tsaya a kan tarko, da toshe ramuka da siminti da ragar ƙarfe, da zuba hatsi a robobi masu murfi. Har nan lafiya. Sai wani ya rubuta cewa ai kowa ya san daga inda ɓerayen ke fitowa, masu tara buhunan abinci daga garinsu su ne ke kiwonsu. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya san buhun gero da na wake a ɗakunan wa suke. Wani daga cikinmu ya mayar masa da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a tambayi masu barin ƙashin kifi a lungu. Cikin minti goma zancen ya bar ɓera ya koma kan ƙabila, mutum biyu suka fice daga zauren. Sai da tela, wanda ya girme mu duka, ya bi su ɗaki-ɗaki da ƙafarsa kafin suka dawo. Daga ranar aka kafa doka: wanda ya ga wani abu a ɗakin wani, ya gaya wa mai kula da zaure a keɓe, ba a ambaton ɗaki a bainar jama'a.

Ashe ma hanyar ɓerayen ba ta ɗakunanmu ba ce, ba kuma ta masu ƙashin kifi ba. Ta ɗakin ajiyar Mama ce, dattijuwar da ke sayar da abinci a ƙofar gida, wadda ba ta cikin zauren domin wayarta ƙarama ce mai tocila. Duk shawarwarin da muka yi makonni muna yi, ko ɗaya bai kai kunnenta ba. Muka wakilta mutum uku suka je da safe, suka rusuna suka gaishe ta. Ta yi shekaru a Sabon Garin Kano a ƙuruciyarta, don haka da Hausa ta karɓe su. Da suka gama kewaye-kewayensu ta yi dariya ta ce, "'Ya'yana, ai na ga kuna ta fitar da gadaje, na ce yaran nan ko tashi za su yi ba sallama? Ramin yana bayan buhunan shinkafa, na fi shekara ina gaya wa wakili. Ku zo ku ɗaga mini, ni bayana ya ƙi." Suka ɗaga, aka toshe. Ita ce kuma ta ce a sa ƙafafun gado a cikin gwangwanayen madara da ɗan ruwa a ciki, kada zanen gado ya taɓa ƙasa, a ga abin da zai hau. Yanzu duk abin da aka yanke a zaure akwai wanda aikinsa ne ya je ya karanta mata.

Akwai abin da ya fi ƙarfinmu. Kwatar da ke bayan gida a toshe take, ta nan manyan ɓeraye ke hawowa, kuma gyaranta da na silin da ya ruɓe hakkin mai gida ne. Mun tattara hotuna da kwanan watansu mun tura masa ta hannun wakili, amsar dai ita ce ana dubawa. Sannan gidan haya kamar tasha yake. Cikin waɗanda suka yi aikin Asabar ɗin farko, biyar sun tashi, har da ɗalibar magunguna da ta gama karatunta. Kafin ta tafi mun roƙe ta ta rubuta abin da ba a kawowa gidan da dalilinsa, aka manna shi a saman zauren, domin sabon shiga ba ya ganin abin da aka tattauna kafin zuwansa. Yanzu duk wanda ya kama ɗaki, ana sa shi a zaure tun kafin ya sauke kaya, katifarsa kuma takan tsaya a lungu a haska ɗinkinta da fitilar waya, musamman in ta gwanjo ce. Wasu kan ɓata rai, sai a nuna musu hoton nan na farar takarda.

A makon jiya wani ɗalibi daga gidan da ke jingine da namu ta baya ya tare ɗaya daga cikinmu a masallaci, ya ce sun ji labarin Asabar ɗinmu, suna so a haɗa rana, tunda kwata ɗaya muke sha da su. Ana nan ana muhawara a kan ko a shigo da su zaurenmu ko a buɗe wani na daban don layin gaba ɗaya. Tela yana ganin a buɗe sabo, kada baƙi su riƙa ganin bashin wutarmu. An sa ƙuri'a, za a rufe ta ranar Alhamis bayan sallar isha'i.